Ƙafa Shida a Hanyar Kelle

Ni dai har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da tsohuwar motar kwamanda ta hau tudun garinmu ba tare da kowa ya tura ta ba. Ku da kuke wuni a ƙarƙashin tsofaffin motocin kat-kat kuna zagin masu su, ku ajiye kile da sauran kayan aiki tukuna ku ji, bulon ba ya gudu.

Shekara biyu ne ko uku kafin babban yaƙin Turawa, a farkon damina. Lokacin ina da aure da 'ya ɗaya, shekarata biyar ina aiki a Gure bayan na koyo gyaran mota a Damagaram. Garejinmu rumfar zana ce da rami da akwatin kayan aiki. Mu biyu ne. Babbana shi ne Shef Garba, tsohon soja, shi ne shofer mai tuƙi kuma shi ke da ta cewa a kan mota. Ni ne mai gyara. Motar kuwa kamiyoneti ce, wato mai buɗaɗɗen baya irin waɗannan naku, sai dai ƙafafun baya kaɗai ke ja. Kat-kat mai ja da ƙafa huɗu ko sunanta ba mu taɓa ji ba. Sai da aka gama cin moriyarta a Damagaram aka turo mana ita. Akwai 'yar'uwarta da ta mutu tun kafin in zo, tana bayan rumfa kaji na yin ƙwai a ciki, mu kuma muna yagar ƙarafanta kaɗan-kaɗan.

Bari in gaya muku yadda ake rangadi a lokacin, don ba za ku gane sauran ba sai da shi. In kwamanda, wato Baturen da ke mulkin ƙasar, zai fita, ana tura gardawa gaba da kwana ɗaya. Gardi shi ne dogarin gwamnati mai jar hula. Duk inda hanya ta bi ta tudun rairayi, sai gardi ya sauka wajen mai gari ya ce a ba shi maza ashirin. Ya kai su gindin tudu, su zauna har mota ta iso, su tura ta ta haye. Gardi ba ya sakin mutum da ra'ayin kansa. Sai kwamanda ya faɗa da bakinsa, ko takarda ta zo. Wanda ya saki ba umurni, shi zai kwana a kaso.

Tudun da ya fi kowane muni a hanyar Kelle a bayan ƙauyenmu yake. Sau nawa ina zaune a bayan mota, waɗanda suka yi mini goyo suna nishi a ƙarƙashina. In na yi yunƙurin sauka in kama musu, Shef Garba ya ce in zauna, ma'aikacin gwamnati ba ya turi. Abin yana cina ƙwarai.

Tun ina Damagaram na taɓa ganin wata babbar mota da ta keto Sahara, ƙafafunta na baya bibbiyu ne a kowane gefe. In ta nutse, sai a zura mata dogon ice a tsakanin tayoyin biyu, ta taka shi ta fita. Duk ranin nan ina damun Shef Garba mu ciro janti biyu daga mushen motar, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, mu ƙara wa tamu. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Mamadu, sandar da ke juya ƙafafun baya guda ɗaya gare mu. In nauyi ya karya ta, wata sai ta zo daga bakin teku. Kai za ka riƙa goya kwamanda kafin nan?"

To, ran wata Litinin da la'asar aka yi ruwan shuka, ruwa na gaske, irin wanda manomi ke jira wata takwas. An riga an sa rangadin Kelle ran Laraba. Talata da safe wata mata 'yar garinmu da ta kawo nono ta tsaya bakin rumfa ta ce mini gardi ya kwashe maza tun da asuba, da sungumi a kafaɗa ya tare wasu, kuma har da Kawu Kyari.

Kawu Kyari wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ubana ya rasu. Ɗansa ɗaya namiji an ɗauke shi soja. Daga shi sai matarsa Inna Fanna mai ciwon baya, sai gonar nan guda. Ku 'yan birni ba ku sani ba, ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe laima. In ba ka zuba iri cikin kwana uku ba, ka yi sallama da wannan ruwan. Na yi lissafi: in mota ta haye da kanta ran Laraba da hantsi, mutane suna da sauran Laraba da Alhamis. Za su iya.

Na je na durƙusa gaban Shef Garba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Shef, yau kam ko ka yarda ko ka kore ni."

Ya daɗe yana tauna goro yana kallon motar. Can ya tofar ya ce, "In ta karye, ni da kai kaso. Ka taɓa kwana a can?"

Na ce a'a.

"Ni na taɓa. Ɗauko kirik."

Muka ɗaga motar. Matsalar ita ce bulon ɗinmu, wato ƙusoshin da ke ɗaure janti, gajeru ne, ba za su ratsa janti biyu ba, kuma dole a bar fili a tsakani inda ice zai shiga. Na ruga maƙera wajen Lawali da ma'auni na kara. Mutumin nan bai taɓa shiga mota ba, amma ya dubi karan, ya dubi tsohon bulon, ya ce in ja masa zuga-zugi in rufe baki. Daga ƙarfen mushen motar ya ƙera mana dogayen bulon da zobe biyu masu kauri na sakawa a tsakani. Ni na yanka musu zare da hannu har tafina ya yi kanta. Shef Garba ya sa aka tsago azara biyu ta goriba, kowace ta fi tsayin mutum biyu. Kafin magariba motarmu tana tsaye da ƙafa shida, ta yi faɗi ta baya kamar agwagwa.

Laraba da safe kwamanda ya fito, ya zagaya ta sau biyu, ya tambaya ta bakin tafinta wa ya ba da izinin wannan. Kafin in buɗe baki Shef Garba ya ƙame ya ce shi ne. Baturen ya shuri taya da takalmi, ya ce za a gani, ya shiga gaba.

Da hantsi muka iso gindin tudu. Ga su nan ƙarƙashin aduwa, suna ganinmu suka miƙe suna ɗaure riguna a ƙugu. Na hango Kawu a cikinsu, ya fi kowa furfura. Shef Garba ya leƙo ya ce kowa ya ja baya. Na sauka na rage wa tayoyi iska, na hau, ya ja da baya ya ɗauko gudu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ruwan Litinin ya taimake mu, don ƙasan rairayin da sauran ƙarfi. Ta ci rabin tudu ba gardama. Sai kusa da ƙoli, inda raƙuma suka tumurmushe hanya, ta fara haƙa. Na dira, na jawo azara, na zura a tsakanin tayoyin dama, tafinta ya zura ta hagu. Ta kama icen, ta yi ƙara, ta taka shi tun daga kai har gindi. Muka zaro, muka ruga gaba, muka sake zurawa. Sau uku. A na ukun ta ɗora ƙafafun gaba a kan ƙoli. Shef Garba yana ihu, "Ku hau, ku hau, in na tsaya ba ta tashi!" Muka wurga azara a baya muka ɗafe.

Wayyo daɗi. Kwamanda yana dariya yana dukan ƙofa da tafin hannu, har ya miƙo mini taba ta taga. Na waiga na ɗaga wa mutanenmu hannu kamar ango. A raina na ce shi ke nan, gardi ya gani da idonsa, yanzu kowa zai kama hanyar gona. Ni da na san dokar nan kamar sunana.

Kwana uku muka yi a Kelle. Mutane suna zuwa kallon mota mai ƙafa shida, ni kuma ina kwanciya a ƙarƙashinta ina ɗaure bulon da ba su kwance ba, don dai a tambaye ni. Aka yanka wa kwamanda rago, muka ci rabonmu. Wallahi ko sau ɗaya gindin tudun nan bai faɗo mini a rai ba.

Asabar da azahar muka juyo. Muna hawa ƙoli na ga baƙi-baƙi a ƙarƙashin aduwa. Na ce ko awaki ne. Da muka gangaro sai awakin suka miƙe tsaye.

Gardin ya rugo ya sara wa kwamanda. Leɓɓansa sun bushe, shi ma furar da mata ke kawowa yake sha tare da su. Kwamanda ya tambaya me mutanen nan ke yi a nan har yanzu. Gardi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a ce in sake su ba. Na ce ko za a buƙace su a komowa." Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Baturen ya yarfa hannu ya faɗi kalma ɗaya, tafinta ya ce kowa ya tafi gida. Abin da ake nema ke nan tun ran Laraba, kuma ina zaune bayansa, kamu ɗaya tsakanina da kunnen tafinta.

Na sauka, na durƙusa gaban Kawu. Bai dube ni ba tukuna. Ya tsuguna ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya damƙo, ya buɗe. Rairayin ya zube ta tsakanin yatsunsa, ko ɗan dunƙule bai yi ba. Ya kaɗe hannun a riga, sannan ya dafa kaina.

"Sannu da aiki, Mamadu. Mun ga yadda ta hau. Allah ya yi maka albarka."

Na ce, "Kawu, ni ne ban yi magana ba."

Ya ce, "Tashi, Bature na jiranka."

Inna Fanna ta shuka abin da ta iya ita kaɗai, bai kai kwatan gona ba. Ruwa bai sake sauka ba sai bayan fiye da mako biyu. Geron da aka shuka a lokacin yana cikin fitar da kai damina ta ɗauke. Rumbun Kawu bai kai bazara ba. Abin da nake aika masa sai ya raba wa gidajen sauran mutum goma sha tara, ya ce tare suka zauna. Da furfurarsa ya tafi haƙar kanwa a kwari wannan ranin, ya komo ƙafafunsa duk sun tsage.

Ƙafa shidan kuwa ta yi aiki. Sandar ba ta karye ba, kuma daga wannan shekarar ba a sake kwasar mutanen garinmu don turin wannan motar ba. Har Kawu ya rasu, duk baƙon da ya sauka gidansa sai ya gaya masa ɗansa Mamadu ne ya raba su da tura mota. Kwana ukun nan bai taɓa ambatonsu ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Mu masu gyara, da inji ya tashi sai kanmu ya kumbura, mu ɗauka aiki ya ƙare. Ƙarfe dai an gama da shi, amma ba don ƙarfe aka yi aikin ba. Duk motar da aka turo muku nan, akwai wanda ke zaune wani wuri yana jiranta, mai haƙuri ne galibi, ba zai zo ya yi muku hayaniya ba. Kafin ku wanke hannu, ku tambaya ko shi ya tashi.