Hannun da Ya Rubuta Sakkwato

Yayana Tamba ya mutu da yatsu uku a karkace. Duk Birnin Kebbi an san wanda ya karkata su, ba a dai faɗa. Ni zan faɗa.

Shekara ashirin ya yi gindin wata bishiya kusa da gidan waya, da tebur da keken rubutu, yana rubuta wa mutane wasiƙa da takardar neman aiki. Firamare kawai ya gama. Da aka fara jarrabawar shiga jami'a sai cike fom ya zama rabin aikinsa. Duk yaron da ya samu gurbi sai Yaya ya tare shi ya ji makin da ya ci da inda aka ɗauke shi. Wanda ya rasa ma haka. Yana riƙe su duka a kai. Shi ya sa in ka kawo fom ba ya rubuta zaɓin farko sai ya ga sakamakonka na makaranta.

A 1986, lokacin muna Jihar Sakkwato, Alhaji Riskuwa, dillalin albasa a Argungu, ya kawo ɗansa Maliki. Likita ake so. Yaya ya duba takardun yaron ya ce, “Alhaji, Zariya duk Arewa ka rububinta. Na san shida da sun ka hi Maliki maki, ba a ɗauke su ba. A sa Sakkwato ta hwarko, can ɗan gida ne.”

Alhaji ya buga tebur. “Ɗan Kalilu mai shinkafa shina Zariya, nawa shi tsaya nan bayan gida? Rubuta Zariya, sama da ƙasa!” Ya tafi tasha wajen buhunansa.

Maliki ya tsuguna yana hawaye. Fom ɗaya ne a shekara, kuma wannan ne zamansa na biyu. Ya ce, “Malam, in na sake rasawa, rumbun albasa za ni. Mi kag gani?” Yaya ya ce abin da ya gani ya riga ya faɗa. Yaron ya ce a rubuta. Yaya ya rubuta Sakkwato.

Wata biyar shiru. Alhaji ya cika kasuwa da zancen ɗansa na Zariya. Da takardar sakamako ta iso, shi da ba ya karatun boko, ya miƙa wa wani ya karanta da ƙarfi a gaban 'yan'uwansa dillalai. Aka ji Sakkwato. Aka kwashe da dariya, Kalilu a gaba.

Ran nan na kai wa Yaya tuwo daga unguwar Nasarawa bayan azahar. Ina ajiye kwano akori-kura ta tsaya. Alhaji ya diro da 'yan dako uku.

“Wane hannu ar rubuta?”

Yaya ya miƙe zai gaishe shi. Mari ya mayar da shi kan benci. Biyu suka riƙe shi, suka shimfiɗa hannun damansa a tebur, na ukun ya ɗaga keken rubutun ya sako. Na ji ƙarar ƙashin. Alhaji ya ce a ƙara, aka ƙara. Haruffan keken suka watse cikin jini. Na ɗauki kwanon miya da zafinta na watsa wa na ukun a fuska, na kama kunnen ɗaya da haƙori. Aka yi jifa da ni jikin bishiya, haƙorina na gaba can ya zauna. Maza sun fi ashirin a wurin, da masu layin aika wasiƙa da masu shayi. Ba wanda ya motsa. “A yi haƙuri, Alhaji,” shi ke nan abin da bakinsu ya iya.

Maliki ma bai tsira ba. An ce da igiyar ɗaure buhu uban ya zane shi har ya suma.

Na ce mu kai ƙara. Dattawan unguwa suka cika mana zaure, wai Tamba ne ya shiga tsakanin ɗa da uba. Mai ɗori ya ɗaure yatsun, suka kama a karkace. Bai sake buga keke ba. Ya koma riƙe biro da hagu, rubutun kamar na ɗan aji ɗaya, masu wasiƙa suka watse.

Bayan wata biyu sunan Maliki ya fito, likitanci, Sakkwato. Alhaji ya yanka raguna biyu, yana gaya wa mutane dama shi ya ce a tsaya kusa da gida. Ya aiko mana da cinya a faranti, Maliki ne ya ɗauko, kansa a ƙasa.

Na karɓi farantin na wurga shi kwata. Na ce, “Koma ka ce ma tsohonka shi aiko da yatsu!”

Yaya ya ce, “Adama, bari.” Ya jawo yaron da hannun hagu ya zaunar da shi a tabarma.

“Maki nawa kac ci?”

Maliki ya faɗa.

“Wa aka ɗauka ƙasa gare ka? Da nawa?”

Ya faɗa. Yaya ya maimaita sau biyu a hankali don ya zauna masa, ya ce akwai wata yarinya, Susanna 'yar Irimiya makanike, da za ta kawo fom baɗi.