Mode Maƙeri da Rawar Balaraba

A gidan maƙera aka haifi Mode, can wajen Ƙofar Kware, kuma har ya kai shekara talatin aikinsa bai wuce garma da lauje da wuƙaƙen mahauta ba. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, mai yawan dariya, kunnensa na hagu ya ɗan toshe saboda ƙarar masaba. Abin da ya sauya masa hanya shi ne manyan motocin da suka yawaita a Sakkwato bayan yaƙin duniya na biyu, masu kwasar gyaɗa da fatu zuwa Gusau. Hanya ba kyau, sifirin ɗinsu, wato fallayen ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, na yawan karyewa, kuma sai a yi wata ana jiran sabo daga kudu. Wani direba ya kawo masa karyayyen falle ɗaya don gwaji, Mode ya ƙera masa irinsa, ya zauna daram. Tun daga nan motoci suka fara tsayawa a ƙofar maƙerarsa, shi kuma ya fara shiga ƙarƙashinsu yana kallon yadda aka haɗa su. Ba wanda ya koya masa. Tambaya yake yi, ya kwance, ya mayar.

A damunar 1960 ne amininsa Aƙilu, mai fataucin shanu da fatu, ya sayi wata tsohuwar baƙar mota a hannun wani Bature da zai koma gida. Ranar Laraba ta iso unguwa, don haka aka sa mata suna Balaraba. Aƙilu ya ɗauki direba, Sahabi, tsohon soja mai ƙarancin magana wanda ya koyi tuƙi a wajen yaƙi. Motar lafiyayya ce, amma an yi ta ne don titi, shi kuwa Aƙilu kasuwannin ƙauye yake ci. Hanyar Kware da ta Wurno duk tudu ne a tsakiya, da zarar an loda fatu sai bayanta ya zauna, ta riƙa shafar ƙasa.

Mode ya ce wannan ai sana'arsa ce. Ya ƙera falle biyu-biyu ya ƙara wa sifirin na baya, bayan motar ya tashi da kusan taƙi guda. Mutane suka taru suna yaba yadda ta miƙe.

Kwana uku bayan haka Sahabi ya dawo da ita fuska a ɗaure. Ya ce da gudu ya kai mil talatin sai wata rawa ta taso daga ƙarƙashin kujera, madubi ya riƙa kaɗawa har ba ya ganin abin da ke bayansa, haƙoransa na haɗuwa. Kafin a ɗaga ta ba ta yi.

Abin ya dami Mode, don aikinsa ne. Ya fara da tayu, ya mayar da na gaba baya, na baya gaba. Rawa na nan. Ya bi kusoshin da ya ɗaure ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya saki. Ya sa Sahabi ya tayar da injin a tsaye ya taka mai sosai, ko ruwan da ke cikin kwanon da ya ajiye a kan kujera bai girgiza ba, sai ya cire injin daga zargi. Mako biyu ana wannan. Wata rana ta yi, wata rana ta ƙi, shi ya fi rikita shi. A majalisar mahauta aka fara cewa motar ta ɗauko iska a gindin wata tsamiya ta hanyar Wurno, har wani ya kawo turare a yi mata hayaƙi. Aƙilu dariya kawai yake yi, yana cewa tunda an kusa samun mulkin kai, ita ma Balaraba ta fara murna ke nan.

Wata safiya Mode na shan kunu yana ƙorafi, sai matarsa Hajjo, wadda ke tankaɗe a gefe, ta ɗago kai.

"Malam, wace rawa kuke ta hwaɗi? Ran da munka tai suna Kware, ko motsi ba ta yi ba. Ɗiyarmu Atika har kwana ta yi ciki."

Mode ya ajiye ludayi. Ya tambaye ta su nawa ne a motar ranar.

"Mu bakwai, ga tukwane, ga buhun shinkahwa biyu."

Bai ƙarasa kunun ba. Ya je ya sami Sahabi ya tambaye shi yaushe take yi, yaushe take bari. Sahabi ya yi tunani, ya ce lalle in za a tafi kasuwa wayam ta fi yi, in an dawo da fatu kuwa ba ya jin ta. Shi bai taɓa haɗa biyun ba.

Suka ari buhunan gero shida a maƙwabta suka loda, suka hau titin Gusau. Mil talatin, talatin da biyar, shiru. Suka tsaya gindin wata bishiyar bedi suka sauke buhunan, suka sake gwadawa, rawa ta dawo. Mode ya fito yana dariya har da riƙe ciki, Sahabi na kallonsa.

Da suka koma ya shimfiɗa tabarma ya kwanta ƙarƙashinta. Akwai dogon ƙarfe kamar bututu da ke kai juyin injin zuwa tayun baya, direbobi na ce masa farfela. Kowane bakinsa akwai gaɓa mai lanƙwasawa kamar wuyan hannu. Mode ya ja zare daga gaba zuwa baya ya duba, sai ya ga abin da ya faru. Ɗaga motar da ya yi ya sa farfela ta yi gangare sosai, gaɓar baya ta lanƙwashe fiye da ta gaba, don haka ba su juyawa a tare, ɗaya na fizgar ɗaya. In an yi lodi, jikin motar ya sauko, sai farfela ta koma kusan yadda masu ƙera ta suka tsara.

Aƙilu ya ce to a cire fallen da aka ƙara mana. Mode ya ce a'a, tsayin nan an sha wuya kafin a samu. Ya hura wuta, ya ƙera wasu ƙarafa biyu masu kauri a baki ɗaya, siriri a ɗayan, kamar bakin gatari, ya huda tsakiyarsu. Ya kwance maɗaurin sifirin ya cusa su tsakaninsa da ƙarfen da ke riƙe da tayun baya, don su ɗan karkato da shi ya fuskanci farfela.

Gwajin farko ya fi na da muni. Tun mil ashirin motar ta kama karkarwa, hular Aƙilu ta zamo ta rufe masa ido. Ashe bakin mai kauri ya juya ta inda bai dace ba. Mode bai ji kunya ba ko kaɗan, ya ce yanzu ne ma ya tabbata nan ciwon yake, tunda taɓa wurin ya sauya rawar. Ya juya ƙarafan, ya ɗan rage musu kauri da magagari, suka sake fita. Wannan karon Sahabi ya kai ta mil arba'in da biyar ba kaya, madubi tsaye cak. Sahabi ya juyo ya dubi Mode, ya ce, "Maƙeri, ka gama da ita." Waɗanda suka san Sahabi sun ce wannan doguwar magana ce a wurinsa.

Ranar ɗaya ga Oktoba, ranar samun mulkin kai, da hantsi, Aƙilu ya yanka sa ya raba wa unguwa. Aka ɗaura wa Balaraba ƙaramar tuta mai kore da fari, Aƙilu ya ce Mode da Hajjo su ne a kujerar baya, ba wanda zai matse su. Suka zaga gari a hankali, ta Ƙofar Dundaye, ta kasuwa, mutane na ɗaga musu hannu. Hajjo ta ja mayafi tana dariya ƙasa-ƙasa, Mode kuwa ya karkata lafiyayyen kunnensa wajen ƙasan motar yana sauraro, har sai da ta zungure shi ta ce ya dubi jama'a.

Labarin ya bazu cikin direbobi. Daga Argungu da Birnin Kebbi aka riƙa kawo masa motocin da aka ɗaga suka kama rawa, kuma kafin ya taɓa sifana sai ya zaunar da direba a inuwa, ya sa a kawo masa ruwa, ya tambaye shi yaushe take yi, da kaya ko wayam. Balaraba ta yi wa Aƙilu shekara tara tana cin kasuwanni. Mode ya ci gaba da ƙira har gwiwoyinsa suka hana shi shiga ƙarƙashin mota, sannan ya koma gidan 'yarsa Atika a Runjin Sambo. Can ya ƙare kwanakinsa, yana wasa wa matan unguwa wuƙaƙe a ƙofar gida, suna biyansa da hira.