Rahelamma Idicula, Mai Ƙirga Mamatan Gidajen Tsofaffi

Haihuwa da Karatu

An haifi Rahelamma a shekarar 1948 a garin Kozhencherry na jihar Kerala, 'yar Idicula mai gonar roba da matarsa Sosamma. Ta yi karatun ƙididdiga a Kottayam, ta kammala a 1969, sannan ta kama aiki a ɗakin ajiye katunan majinyata na wani asibitin mishan.

Aure da Zuri'a

A 1973 ta auri Mathukutty, malamin makaranta, Allah ya azurta su da 'ya'ya biyu, Shibu da Bincy. Kamar 'ya'yan kowa a garin, da suka yi fiffike sai suka tashi zuwa ƙasashen waje. Mathukutty ya rasu a 2001.

Aikin Ƙirga

Bayan ta yi ritaya a 2004, ta lura cewa gidajen tsofaffi goma sha ɗaya na yankin ba su da likita ko guda. Ta ƙudura samo hujjar da za ta sa hukuma ta tura masu. Shekara goma sha uku tana hawa motar haya gida-gida, tana haɗa rajistar kowane tsoho da katinsa na asibiti da takardar shaidar mutuwarsa.

A nan gizo ya yi saƙa. Abin kunya ne a ce mahaifin mutum ya cika a gidan tsofaffi, don haka da rai ya yi halinsa sai 'ya'ya su ɗauke gawar zuwa gidan gado, su shimfiɗa ta a falo, su rubuta cewa a nan ya rasu. Ta ƙirga mamata ɗari huɗu da goma sha biyu. Takardu tara kacal suka amsa cewa a gidan tsofaffi aka rasu.

A 2017 ta gabatar da rahotonta. Jami'in da ya karɓa ya yi murmushi, ya kira ta Ammachi, wato Inna a harshensu, ya ce, "Haba Ammachi, mutum tara cikin shekara goma sha uku? Ai sun fi ni lafiya! Likita kuma na mene ne?" Aikin nan bai haifar da komai ba, kuma baƙin cikinsa bai sake ta ba.

Ƙarshen Rayuwa

A 2019 shanyewar ɓarin jiki ta same ta, 'ya'yanta suka kai ta ɗaya daga cikin gidajen nan. Ta roƙi Shibu ya rubuta gaskiya idan ranar ta zo. Ya ce, "Ammachi, ki bar wannan magana. Da wane ido zan kalli mutanen coci?"

Ta rasu ranar 9 ga Agusta, 2022, bayan kwana huɗu tana fama da ciwon ƙirji ba tare da likita ya duba ta ba. Aka shimfiɗa ta a falon gidan mijinta, aka binne ta a maƙabartar coci, takardarta kuwa ta ce a gida ta cika.

Ta bar 'ya'ya biyu: Shibu, injiniya a Kuwait, da Bincy, mai jinyar tsofaffi a Ireland.