Ladidi Mai Dambu da Irin Gujiyarta

Duk wanda ya taɓa sauka mota a Kore Mairuwa da hantsi ya san Ladidi mai dambu. Tana zama bakin kwalta da kwanon zogale, kuma an san ta da sakin hannu wajen mai, idan ta zuba wa mutum sai ya bi masa gwiwar hannu. Ta haura hamsin, ba ta da yawan magana, amma ba a kada ta a ba'a.

Bayan dambu, abin da ta riƙe shi ne gamanarta, 'yar gonar da take shuka gujiya. Irinta ja ne, mai ƙananan ƙwayoyi, mai saurin nuna, daga Lugu ta zo da shi tun tana amarya. Damina biyu a jere ya riƙa ruɓewa a ƙasa, wanda ya tsiro ma sai wuyansa ya yi baƙi ya kwanta. Abin da ya rage mata bai cika ƙwarya ba. Ta aika Lugu a nemo mata, aka ce su ma sun daɗe da rabuwa da shi.

Da rani sai Bushira, ma'aikaciyar gona daga Tibiri, ta zo ƙungiyar mata ta nuna musu yadda ake fitar da mai daga nobe, ciyawar nan mai ƙamshi, a tsare iri da shi daga funfuna. Na'urar a mota ta zo, a mota ta koma, mata suka ce shi ke nan. Ladidi kuwa ta lura da cewa ruwa ne a ƙasa, ganye a sama, tururi na ratsawa. Wannan ai madambaci ne.

Ta ɗauki tsohon madambacinta ta kai wa Ɗantala maƙeri, taubashinta, ta ce ya huda murfin ya sa tiyon da zai bi ta cikin tulun ruwan sanyi.

"Ke baiwata, dambun ciyawa za ki koma saida ma mutane?" in ji Ɗantala.

"Da kai zan fara, tunda jaki bai ƙin ciyawa."

Ya yi aikin yana mita. Ta cusa nobe a ciki, ta liƙe mahaɗin da tsumma da garin kuka yadda ta saba, ta hura wuta. Kafin la'asar ga mai ya taso kan ruwan da ya ɗigo, ɗan kaɗan, ƙamshinsa har maƙwabta. Ta yi ta dafawa har ta tara 'yar kwalba.

A nan hannun mai dambu ya cuce ta. Bushira ta ce ɗigo, amma Ladidi ba ta taɓa yarda abin kirki ya yi yawa ba. Ta raba irin biyu, ta mulke rabi da mai har yana ƙyalli, ta shuka da ruwan farko. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tata shiru. Da ta tona ta tarar babu funfuna ko kaɗan, amma ƙwayar ta mutu. Ɗantala ya ce ai soya ta ta yi kafin ta shuka. Ba ta rama ba. Daga nan ya gane abin ya wuce wasa, ya ɗauke ta a babur har Tibiri.

Bushira ba ta yi dariya ba. Ta shinshina kwalbar, ta ce man ya yi kyau, ƙarfi ne ya yi wa irin yawa. Ta nuna mata ta ɗiga kaɗan cikin tankaɗaɗɗen yumɓu, ta barbaɗe irin, ta rufe ya kwana.

"Inna, kar ki taɓa sauran tukuna. Ki fara gwada 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen rairayi."

Jiran nan ya fi komai wuya, don lokacin shuka na wucewa. Kullum da asuba kafin ta ɗora dambu sai ta leƙa sakainar da ta binne su. Ran da ta ga rairayin ya tsage, kawuna sun ɗago, sai ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallo. Ruwa na sake sauka ta shuka sauran duka, ba ta bar ko ƙwaya ba.

Wasu sun kwanta, amma mafi yawa suka tsaya da koren wuya har suka rufe ƙasa. Da kaka, sai da amalanke aka kwaso mata gujiya da harawarta. Ɗantala ya zo ya ce rabon maƙeri yake nema, ta cika masa hula ta ce ya tafi kar a gan shi. Matan ƙungiya kuwa suka fara zuwa da dammunan nobe a ka, kowace na tambayar ran da madambacin zai huta.

Kafin a dafa ko ƙwayar gujiya ɗaya a gidanta, Ladidi ta zauna ta tsince masu kyau. Ta ajiye nata, sauran ta bi gida-gida ta danƙa wa matan da ta yarda da su, da sharaɗin kowace ta shuka baɗi. Da bazara ta zagayo, irin ja yana rataye a ɗakuna da dama cikin garin.