Murfin Rijiyar Da Na Ce Wa Malama Hauwa'u An Sa

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da na ɗora muku karatun wannan takarda alhali hawayenku bai bushe ba. Malam Mannir, kai ne maigidan marigayiya. Madam Marta, ke ce abokiyar aikinta a ofis a Gusau. Ni ce Safiya, mai gidan rainon yara a Tsafe. Da ina da wata ƙofa da ban ƙwanƙwasa taku ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 19 ga Agusta, cikin watan Safar, Allah Ya karɓi ran Malama Hauwa'u Buba, mai duba gidajen raino, a gidanta da ke Bungudu, bayan jinyar da ta sha. Da hantsin ranar na kira wayarta da wata magana a bakina, sai muryar Malam ta amsa. Maganar tana nan, ban sauke ta ba.

Malama, shekara shida kina duba gidana. Ranar da kika fara zuwa na share tsakar gida sau uku, na wanke yara tas, na jera su a tabarma. Sharar ko kallo ba ta ishe ki ba. Kika ɗaure mayafi a ƙugu, kika durƙusa, kika kama rarrafe tun daga zaure har madafa, ke da kike ma'aikaciyar gwamnati, yara na binki suna ƙyalƙyala dariya. Kika ɗago kai kika ce, "Sauko, Safiya. Ke daga sama kike ganin gidan ga, su kuwa daga ƙasa suke zaune cikinai." Na sauko. Sai ga reza a gindin randa. Ga kan ƙusa a jikin ƙyaure, daidai idon yaro. Ga kananzir cikin gorar lemo a ƙarƙashin gado. Kika ce, "Mi kika gani?" Na ɗauka ranar za ki rufe mini gida, sai kika zauna muka gyara tare, har kika ci tuwona.

Ke kika koya mini cika takardar duba kai, wadda kowace mai raino ke cikewa da hannunta kafin a zo duba ta. Gida uku ne a gaban kowace tambaya: akwai, babu, ana kan gyara. Kina cewa wadda ta rubuta "babu" ba ta ba ki tsoro, wadda ta cika "akwai" daga sama har ƙasa ita ke hana ki sukuni. A ruga kika tashi, kina yawan faɗa mana cewa makiyayin da ya ce duk garkensa lafiya lau, bai zagaya ba ne.

Lokacin da matan ƙauyen Kucheri suka gudo wa 'yan bindiga da goyonsu, yarana suka tashi daga takwas zuwa goma sha huɗu. Wani da rufewa zai yi. Ke kika tsaya sai da aka samo mini mataimakiya, kika kawo gidan sauro huɗu daga ɗakinki. Akwai 'yar tsana a jakarki kullum, da ita kike nuna mana yadda ake kifa yaron da abu ya maƙale wa a wuya. Na san yara biyu da ke yawo yau a sanadin wannan 'yar tsana.

To ga maganar da na kira ki a kanta.

Murfin katakon rijiyarmu ya ruɓe a farkon damina. Zuwanki na ƙarshe kika ce a yi na ƙarfe da kwaɗo. Ƙarshen Yuli lokacin takarda ya yi, ke ga ciwo, hanya kuma ba lafiya, sai na aika miki ita. Kika kira ni, muryarki ƙasa-ƙasa: "Safiya, murfin fa?" Mai walda ya yi mini alkawarin Alhamis, sai na ce wa raina ai kamar an sa ne. Na ce, "An sa." Kika ce, "Kin ja kwaɗon da hannunki?" Na ce, "Awo, Malama." Kika ce, "To, na sa hannu. Bakinki ya fi mini idona."

Alhamis uku suka wuce. Fallen kwanon rufi ne da dutse a bakin rijiyar.

Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin ki cika, ina canza wa wani jariri tsumma, na ɗaga kai na ƙirga goma sha uku. Babu Saude, 'yar shekara biyu. Na same ta a bayan ɗaki. Ta ture kwanon gefe, ta kwanta rub da ciki a bakin rijiya, kanta da kafaɗunta a ciki, tana kiran yarinyar da take gani a ruwa. Damina ce, ruwan ya ciko. Ban yi ihu ba, don kin taɓa ce mana ihu ke jefa yaro. Rarrafe na yi, Malama, irin naki, har na kama ƙafarta. Ko salla nake, in na yi sujada wannan ƙafar nake gani.

Ni da bakina na faɗa wa uwarta, magana kuwa ta zagaya unguwa. Murfin yana kai yanzu. A gaban mai walda na zauna sai da ya gama. Amma takardar tana cikin fayil da sa hannunki, da kwanan watan da babu murfi. In magana ta kai ofis, za a ce kin sa hannu ba ki gani ba. Shekara da shekaru kina goge gwiwa a tsakar gidajen mutane, a ce da wannan za a rufe littafinki, ba ki nan balle ki kare kanki.

Ina tsoron a rufe gidan, ba zan ɓoye ba. Ban san inda iyayen nan za su kai ɗiyansu ba. Amma a makarantar allo an karantar da mu cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, mai shi kuwa ta riga ni. Wannan tsoron ya danne wancan. Na sake cika takardar, na rubuta "babu" da ainihin kwanan wata, na haɗa da wasiƙa cewa ni na yi ƙarya, Malama ta yarda da ni ne kawai.

Allah Ya jiƙan ki, Malama Hauwa'u, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ya sa kowane yaro da kika tsare ya zama shaida gare ki ranar da shaida ke amfani. Malam Mannir, da 'ya'yanta, da danginta na ruga da na gari, da abokan aikinta, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Malam, ka yafe mini a madadinta in za ka iya. Madam Marta, na ji ranar Litinin za a miƙa fayilolinta ga wanda zai gaje ta. Ki gaya mini hannun wa zan sa wasiƙata kafin ya buɗe nawa. Don Allah ku ba ni amsa kafin Litinin.

Safiya Mahadi, Tsafe.