Lokacin da Mama ta Ɓoye Sandarta

Shekarar da gwiwar mahaifiyata ta fara ciwo, na sayo mata sanda a kasuwar Kafanchan. Ta riƙe ta na ɗan lokaci, sai na lura ta daina fita da ita. Da na tambaya, ta ce 'yan acaɓa ba sa tsaya wa mai sanda, wai tsofaffi na ɓata musu lokaci wajen hawa. Sai daga baya ta faɗa mini abin da ya fi ƙona mata rai. Wata matashiya a layinmu ce ta janye ɗanta daga gabanta, tana raɗa masa cewa tsofaffi masu dogara sanda mayu ne.

Mama ta tura sandar ƙarƙashin gado, ta koma tafiya da sauri don kada a ce ta tsufa. Wata safiya da damina, santsi ya kwashe ta wajen tsallaka layin dogo. Cittar da take ɗauke da ita, wadda ƙanwarta ta aiko mata daga Kwoi, ta watse cikin taɓo. Allah ya taimaka ba ta karye ba, sai targaɗe a hannu da kumburi a ƙugu.

Matan zumunta na cocinmu suka zo gaishe ta, suka cika ɗakin. Tana gama ba su labari, ashe kusan kowacce da tata sandar a ɓoye, wata a bayan ƙofa, wata can cikin rumbu. Shugabarsu ta ce ita ma ta taɓa faɗawa kwata, ta ce wa 'ya'yanta akuya ce ta tunkuye ta. Suka yi ta dariya har da hawaye. Maƙwabciyarmu, wata hajiya mai waina da ta kawo kunu, ta ce, "Ni tawa jikokina ke kaɗo mangwaro da ita."

Lahadin da Mama ta koma coci, ita da matan zumunta duk suka zo da sanduna, har waɗanda ƙafarsu lafiya lau. Lokacin baiko, wato ba da sadaka a coci, suka jeru suna rawa, suna buga sanda a siminti daidai da ganga. Fasto ya kasa riƙe dariya, matasa suka tashi suna tafi.

A hanyar gida Mama ta ce mini gwiwar ta ji rawar nan, in ɗora mata ruwan zafi. Na ɗora, ta zauna tana gasa ƙafa tana rera waƙa.