Baƙin Mai da Irin Albasar Inna

Ko da zan manta da duk abin da ya same ni a duniya, ba na jin zan manta da ranin farko da muka yi bayan ruwan Kainji ya cinye tsibirinmu. Ina budurwa a lokacin, 'yar shekara sha biyar ko kusa da haka, kuma ni ce na kusa hallaka abu ɗaya tak da Inna ta tsira da shi.

Mu mutanen tsibiri ne, albasa muke nomawa. Da aka ce za a tare kogi a samar wa ƙasa wutar lantarki wadda ba ta hayaƙi, dariya muka yi, don ba mu ga wanda ya isa ya tare kogin Kwara ba. Ashe an isa. Aka kwashe mu zuwa wasu gidajen siminti ta wajen Ngaski, masu rufi kamar bayan kunkuru. Mutane na ta jidar gadaje da turame, Inna kuwa 'yar tukunya kawai ta rungume a cinya, bakinta liƙe da toka da laka. Irin albasa ne a ciki, wanda ta gada wurin uwarta. Jar albasa ce mai zaƙi, wadda ko a kasuwar Yelwa fatake suna gane ta tun daga nesa.

Da damina ta ɗauke, Inna ta gyara ɗan fili kusa da gaɓa, ta yafa irin gaba ɗaya. Muka haƙa rami a gefe, ruwa ya tsattsafo, daga nan muke ɗiba da ƙwarya muna ban-ruwa. Al'adarmu ce a farkon rani a shafe ƙoren ban-ruwa da man kaɗe don kada rana ta tsaga su, kuma aikina ne. To, a shekarar kaɗanyoyinmu duk suna ƙarƙashin ruwa, man kaɗe ya yi wuya.

Yayana kuwa ya samu aiki a jirgin ruwa mai inji na wani ɗan kasuwa, don tafkin ya yi zurfin da sandar tuƙi ba ta taɓa ƙasa. Kullum ya dawo yana warin fetur, yana tafiya kamar shi ya ƙera injin. Wata rana ya zo da gwangwanin baƙin mai daga wurin masu gyaran mota, zai shafe gindin jirgi. A gidanmu ba a zubar da maiƙo, ko na ƙasan tukunya ne sai an nema masa amfani. Ni kuma Allah ya yi ni da son a ce na yi dabara. Na faki idonsa na tsiyayi rabi, na shafe ƙorenmu ciki da waje har suna sheƙi, sannan na ɗauraye hannuna da gwangwanin a cikin ramin.

Abin da na gani a lokacin shi ya rufe mini ido. Launuka suka baje a kan ruwan, shuɗi da ja da ruwan zinariya, suna juyawa a hankali. Na durƙusa ina kallo har na manta da kaina. Na ga kamar tsibirinmu ne yake tasowa: ga tsamiyar ƙofar gida, ga hanyar rafi, ga hayaƙin banda yana miƙewa. Tun da muka taso ban ji daɗi irin na wannan hantsin ba. Kwana uku ina ban-ruwa, ina sa yatsa ina motsa launukan, ina ganin gida.

Ran na huɗu tsiron ya fara rawaya. Ran na shida ya kwanta. Inna ta tsuguna, ta damƙo ƙasa ta sansana, ta ɗauki ƙwarya ita ma ta sansana.

"Ke ɗiyar nan, mi kinka shafa ma ƙoren ga?"

"Mai na, Inna. Na Yaya."

"Wanda jirgi ka sha?"

Na ce e. Na so ta dake ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta zauna a kan kunya, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Shi kenan, yau tsibiri ya nutse." Sai a ranar na ga hawayenta, ita da ba ta yi kuka ba ranar da aka kwashe mu.

Washegari ta tuna cewa kafin tashi ta ɗibar wa wata aminiyarta tafi ɗaya na irin, ita kuma an kai su can ƙetaren tafki. Ba mu san ko ta shuka ba, ko ya yi, ko ma tana raye. Yaya ya ce zai roƙi maigidansa a kai mu da inji. Inna ta dube shi ta ce, "Riƙe abinka. Iskar Allah ba ta ƙare ba." Ta haɗa zannuwanta biyu ta ɗinke, Baba ya ɗaura su a doguwar gora a tsakiyar tsohon kwalekwalenmu, muka shiga mu uku da sassafe.

Ban taɓa tafiya mai shiru irin wannan ba. Babu ƙara, babu wari, sai ruwa yana shafar katako. Zanen Inna ya cika da iska yana jan mu a hankali. Can tsakiya muka ga kan wata bishiya ya leƙo, balbelu sun jeru a kai. Baba ya rage murya ya ce tsamiyarmu ce. Na leƙa ruwan, garau yake, ba launi ko ɗaya, ban kuma ga komai ba sai fuskata. Inna ta sa hannu a ciki har muka wuce.

Mun samu aminiyar tata a bakin fadama, tsironta kore shar. Da ta ji labari sai ta kalle ni ta yi dariya, ta ce, "Wagga dai ta so albasa ta yi gudu awa jirgi." Ta tumɓuke mana rabin abin da take da shi, aka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Inna ta miƙo mini ta ce ni zan riƙe. Na rungume shi a cinya har muka iso gida. Muka cike tsohon ramin, muka fasa ƙoren, muka koma nesa muka sake haƙa. Wurin da man ya taɓa kuwa ya yi shekaru ko ciyawa ba ta yarda da shi ba.

Yau na tsufa, wutar da aka nutsar da tsibirinmu dominta ma sai ta ga dama take leƙo mu. Jikokina har yanzu wannan jar albasar suke nomawa. Da suka zo da injin ban-ruwa mai shan fetur, na ga launukan nan a bakin rami, na tayar da rigima har suka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban bar su sun huta ba sai da suka haɗa kuɗi suka sayo mai aiki da hasken rana.

Abin da na koya shi ne, duk abin da za ka kai kusa da ruwa da ƙasa, ka fara tambayar abin da zai bari a baya, kada kyansa ko saurinsa ya ɗauke maka hankali. Ruwan tafki guda bai iya raba Inna da tsibirinta ba, rabin gwangwani ya kusa yi.